Motsin Dabbobi da Tsirrai da Amfanin Saninsa ga Manomi da Makiyayi

Duk wanda ya tsaya bakin kogin Isa a Yamai da magariba zai ga motsi iri-iri. Jemagu suna tashi daga kan itatuwa, balbelu suna komawa makwancinsu, shanu suna hawowa daga mashaya. Idan ya duba ƙasa kuma, zai tarar tafasa ta haɗe ganyenta, alhali da hantsi a buɗe yake. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke faruwa haka kawai. Kowane motsi yana da abin da ke tayar da shi, yana kuma da hanyar da jiki ke bi ya aikata shi. Wanda ya san dalilin motsi yana iya gane abin da ke tafe tun bai iso ba, ya kare gonarsa da bisashensa da lafiyar iyalinsa. Wannan shi ne abin da za a bayyana a nan.

Me ya sa masu rai suke motsi?

Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa. Masu rai suna motsi domin neman abinci da ruwa, domin gudun abokan gaba ko zafi ko sanyi, domin neman abokin haihuwa, da kuma domin samar wa ƴaƴansu wurin da za su rayu. Dabba takan tashi da jikinta gaba ɗaya. Tsiro kuwa a kafe yake wuri guda, amma saiwarsa da kararsa da ganyensa suna motsi, irinsa kuma yana yin doguwar tafiya.

Ko a dabba ko a tsiro, motsi yana bin matakai uku. Da farko jiki ya ji wata alama, kamar haske ko wari ko taɓi ko laima. Na biyu a kai saƙo zuwa sashen da zai yi aiki. Na uku wannan sashe ya amsa.

Ƙashi da tsoka da jijiya

Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600. Tsoka ita ce jan naman da muke gani a teburin mahauci. Aikinta guda ne: ta ƙanƙance ta ja. Tsoka ba ta turi. Saboda haka suke aiki bibbiyu, ɗaya ta lanƙwashe gaɓa, ɗaya ta miƙe ta. Mai karatu yana iya gwadawa: ya dafa damtsensa, ya lanƙwashe hannu, zai ji tsokar gaba ta kumbura, ya miƙe shi, zai ji ta baya ta yi tauri. Farar igiya mai ƙarfi da ake kira agara ita ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi. A cikin gaɓa kuma akwai guringuntsi da wani ruwa mai santsi da ke hana ƙasusuwa gogar juna.

A cikin tsoka akwai zaruruwa sirara jere da juna, waɗanda ido ba ya gani. Idan umarni ya zo, sai su shige tsakanin juna kamar yadda yatsun hannu biyu ke shiga juna, tsoka ta gajarce. A shekarar 1954 ne masana suka gano haka. Wannan aiki yana cin ƙarfi, ƙarfin kuwa daga abinci yake fitowa tare da iskar da muke shaƙa, jini ne ke kai su ga tsoka. Shi ya sa san noma da ya fito daga rani a rame ba ya iya jan garma. Ya kamata a ajiye masa harawa da dusa, a ciyar da shi sosai makonni kafin saukar damana. Shi ya sa kuma mai ƙarancin jini yake saurin gajiya a gona.

Umarni yana fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka da ke cikin ƙashin baya, ya rarrabu cikin jijiyoyi. Jijiyoyin da ake nufi a nan su ne masu kai saƙo, ba masu ɗaukar jini ba. Wani lokaci laka ita kaɗai ke ba da umarni: mutum yakan janye ƙafa daga ƙaya tun kafin ya san ya taka ta.

Idan saƙo ya yanke, tsoka ba ta aiki ko da lafiyarta lau. Ƙwayar cutar shan inna tana lalata tushen jijiyoyin da ke cikin laka, ƙafar yaro ta shanye. An bayyana a shekarar 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, amma akwai wani nau'inta da ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, don haka ake ci gaba da ɗiga wa yara magani. Dafin gamsheƙa yana toshe mahaɗar jijiya da tsoka, har tsokar numfashi ta tsaya, saboda haka wanda ta sara a hanzarta kai shi likita. Yawancin magungunan ƙwari ma ta hanyar jijiya suke kisa: suna hana saƙo tsayawa, ƙwaro ya yi ta makyarkyata har ya mutu. Jijiyar ɗan Adam tana aiki kusan iri ɗaya da ta ƙwaro, saboda haka maganin yana iya yi masa irin wannan lahani.

Kowace dabba da salon tafiyarta

Raƙumi da raƙumin dawa suna ɗaga ƙafafu biyu na gefe ɗaya kusan tare, sa'an nan na ɗaya gefen. Wannan ke sa mahayin raƙumi rangaji. Tafin raƙumi mai faɗi ne, yana bajewa idan ya taka, ba ya nutsewa cikin rairayi. Raƙumin dawa kuwa, duk da tsawon wuyansa, ƙasusuwa 7 ne kawai a ciki, daidai da na mutum da na akuya, sai dai kowane ƙashi dogo ne ƙwarai.

Dorina ba ta iyo kamar kifi. Jikinta ya yi nauyi, saboda haka takawa take yi a ƙarƙashin ruwa tana tunkuɗa ƙasa da ƙafafu, takan yi kamar minti 5 kafin ta ɗago ta shaƙi iska. Da rana tana cikin ruwa domin fatarta ba ta jure zafin rana. Da dare take fitowa kiwo, ta ci ciyawa kimanin kilo 40, ta koma kafin gari ya waye, kuma hanya ɗaya take yawan bi. Masu gonakin shinkafa da lambuna a bakin kogi, daga Ayoru har Yamai, sun san ɓarnarta. Wanda ya gane hanyarta kada ya kwana a kai, kada kuma ya shiga tsakaninta da ruwa, domin idan ta firgita ruwa take nufa, kuma ta fi mutum gudu.

Maciji ba shi da ƙafa, amma yana da haƙarƙari da yawa da ɓawon ciki mai kama ƙasa, yana tura jikinsa a jikin tsakuwa da ciyawa. Tana ba ta da ƙashi ko ɗaya: ruwan jikinta ne ke tallafe ta, tana matsewa ta yi tsawo, ta saki ta gajarce. Ramukan da take haƙawa suna shigar da ruwa da iska cikin ƙasa. Tsuntsu yana da ƙasusuwa marasa nauyi, tsokar tashinsa kuwa ita ce tsokar ƙirji da muke gani idan an yanka tantabara ko zabo. Su kuma ƙwari, ƙashinsu a waje yake kamar sulke, tsoka tana ciki. Sulken ba ya girma, saboda haka dole su riƙa saɓa.

Sauro ba da ka yake yawo ba. Macen sauro tana bin iskar da muke fitarwa da warin jiki da ɗuminsa har ta iske mai barci. Wadda ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare ta fi cizo, shi ya sa gidan sauro yake da amfani.

Ƙaura: bin ruwa da abinci

Wasu dabbobi suna canja mazauni kowace shekara a lokaci sananne. Raƙuman dawa na yankin Kure, mai tazarar kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. Da damana suna kan tudu inda kurmi ke tohuwa. Da rani sai su gangara Dallol Boso, inda gawo ke da ɗanyen ganye da ƴaƴa. A shekarar 1996 guda 49 kawai suka rage. Da aka hana farautarsu, kuma mutanen garuruwan suka sa hannu wajen kare su, sun haura 600 a shekarar 2017. A 2018 an ɗauki 8 an kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Idan aka sare itatuwan da ke kan hanyarsu, sai su faɗa wa gonakin wake da lambunan mangwaro.

Shamuwa takan iso garuruwanmu gab da saukar damana, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe. Idan ruwa ya ɗauke sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damana ke farawa a lokacin. Abin da take bi shi ne fara da sauran ƙwarin da ruwa ke fito da su, saboda haka abokiyar manomi ce, bai kamata a bar yara su kwashe ƙwanta ba. Wasu agwagin ruwa da muke gani a kogi lokacin ɗari daga Turai suke zuwa, sun ƙetare hamada. Tsuntsaye masu ƙaura suna gane hanya da rana da taurari da kuma maganaɗisun duniya.

Garken makiyayi ma ƙaura yake yi. Da damana ya yi arewa bin sabuwar ciyawa da ƙasa mai gishiri irin ta Ingal, da kaka ya dawo kudu. Wannan tafiya tana ba makiyaya damar hutawa, tana kuma nisanta bisashe daga shuka. Dokar kiwo ta Nijar ta shekarar 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Noma a kan burtali yana daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa rikici tsakanin manomi da makiyayi.

Farar ɗango: yadda mai kaɗaici ke zama runduna

Babu motsin dabba da ya fi tsoratar da manomi kamar na farar ɗango. Abin mamaki shi ne, a yawancin shekaru wannan fara ba ta da wata ɓarna. Tana zaune ɗaiɗai a wurare irin su Ayar da Tamesna, launinta kore ko ruwan ƙasa, tana gudun ƴan'uwanta, da dare take tashi. A da an ɗauka ita da mai zuwa cikin runduna iri biyu ne daban. A shekarar 1921 wani masani mai suna Boris Uvarov ya nuna cewa fara iri ɗaya tana iya ɗaukar kama biyu.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan aka yi ruwa mai yawa a hamada, ciyawa ta fito, fara ta yi ƙwai cikin rairayi mai laima. Bayan kamar mako biyu ƴaƴa su ƙyanƙyashe, ba su da fiffike. Idan ciyawa ta fara bushewa, sai su taru a ɗan wurin da ya rage kore, suna gogar juna. Gogar ƙafafun baya, tare da gani da jin warin ƴan'uwa, tana ƙara yawan wani sinadari mai suna serotonin a jijiyoyinsu, kamar yadda bincike ya nuna a shekarar 2009. Cikin ƴan awoyi halinsu ya canja: mai gudun taro ta koma mai neman taro. Daga baya launi ma ya canja, ƴaƴan su zama rawaya da baƙi, su riƙa tafiya a ƙasa gaba ɗaya, fuska guda. Bayan sun yi saɓa sau 5, cikin kwana 30 zuwa 40, sai fiffike ya fito. Sabbin manya jaja-jaja ne, su ne suka fi ci da tafiya. Idan sun isa yin ƙwai sai su koma rawaya.

Runduna da rana take tashi, kuma iska take bi. Takan yi kilomita 100 zuwa 150 a yini. A fili mai faɗin kilomita ɗaya da tsawon kilomita ɗaya ana iya samun fara miliyan 40 zuwa 80, kowace tana cin abinci daidai nauyin jikinta a rana, wato kimanin giram 2. A shekarar 1988 iska ta ɗauki runduna daga Afirka ta Yamma ta ƙetare da ita teku har tsibiran Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000. A 2004 fara ta mamaye ƙasashen Sahel, ta haɗu da ƙarancin ruwa, abin da ya taimaka wajen jawo matsalar abinci ta 2005 a Nijar.

Darasin da ke nan shi ne rigakafi ya fi magani. Fara mai tafiya a ƙasa ta fi mai fiffike sauƙin kashewa. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a Yamai a 1974, tana bin labarin ruwan sama da tsiron ciyawa ta tauraron ɗan Adam, ƙasa kuma tana da cibiyar yaƙi da fara mai aika ma'aikata hamada. Amma idon makiyayi da matafiyi ya riga na kowa gani. Wanda ya ga tarin fara ya gaya wa malamin gona ko maigari abu biyar: ranar da ya gani, wurin, launinta, ko tana da fiffike, da inda ta nufa. Kuma kada a tsinci farar da aka fesa wa magani domin ci ko sayarwa. Suya ba ta tabbatar da cewa gubar ta fita.

Motsin tsiro ta hanyar girma

Tsiro ba shi da tsoka ko jijiya, amma yana da hanyoyi biyu na motsi. Ta farko ita ce girma: idan gefe ɗaya na kara ya fi ɗaya saurin tsawo, dole karar ta karkata.

A shuka ƙwayar wake cikin gwangwani, a ajiye a ɗaki kusa da taga. Cikin ƴan kwanaki za a ga ta karkata wajen haske. Charles Darwin da ɗansa Francis, mutanen Ingila, sun bayyana a shekarar 1880 cewa idan aka rufe tsinin sabon tsiro da ƴar hula, ba ya karkata. Ashe tsinin ne ke ganin haske, ya aika saƙo ƙasa. A shekarun 1920 wani masani ɗan Holan, Frits Went, ya tabbatar cewa saƙon sinadari ne, wanda aka sa wa suna oksin. Sinadarin yana taruwa a gefen inuwa, gefen ya yi tsawo, kara ta sunkuya wajen haske. Saboda haka hatsin da ba a yi wa cira ba yake yin tsawo siriri, kowane yana tseren fita daga inuwar ɗan'uwansa, daga ƙarshe zangarniya ta yi ƙanƙanta.

Saiwa kuma ƙasa take nufa, ko ta yaya iri ya faɗa cikin rami. A bakinta akwai ƴan ƙwayoyi masu nauyi da ke kwantawa ta ɓangaren ƙasa, su ke nuna mata hanya. Tana kuma karkata wajen laima. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga gangar jikin Iccen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɓe shi a 1973. Da aka haƙa rijiya kusa da shi wajen 1939, an tarar saiwarsa ta kai ga ruwa a zurfin da ya wuce mita 30. Mai dashen icce ya lura da wannan: ban ruwa mai yawa jefi-jefi yana jan saiwa ƙasa, yayyafi kullum kuwa yana barin ta a sama.

Gyaɗa, wadda wasu ke kira gujiya, tana da abin lura. A sama take fure, amma a ƙasa take ƴaƴa. Bayan fure ya bushe, wani tsinke yakan fito daga gindinsa, ya nufi ƙasa, ya huda ta, sa'an nan bakinsa ya kumbura ya zama kwanso cikin duhu. Tsinken da bai shiga ƙasa ba ba ya yin ƴaƴa. Gyaɗa tana fara fure kamar wata ɗaya bayan shuka. Saboda haka a gama noma da hauya kafin tsinkayen su sauka. Daga nan sai cirar haki da hannu.

Duma da soso da garahuni suna da siraran hannuwa masu zagayawa a hankali cikin iska. Da zarar hannun ya taɓa darni, gefen waje ya fi na ciki girma, sai ya nannaɗe.

Motsin tsiro ta hanyar ruwa

Hanya ta biyu ta fi sauri. Ƙwayoyin jikin tsiro kamar salka suke: idan sun cika da ruwa su yi tauri, idan ruwa ya fita su saki. A gindin ganyen tafasa da tsamiya da gyaɗa akwai wani ɗan kumburi. Da yamma ruwa yakan bar gefe ɗaya nasa ya koma ɗaya gefen, ganye ya rufe. Ƙaidaji da ke bakin ruwa yana rufe ganyensa da an taɓa shi. A shekarar 1729 wani masani a Faransa ya ajiye ɗan'uwan wannan tsiro cikin duhu, ya tarar yana ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci. Wato tsiro yana da agogo a jikinsa.

A jikin ganye kuma akwai dubban ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Idan ƙasa ta bushe sai su rufe, ganyen hatsi da dawa da shinkafa kuma ya naɗe domin rage asarar ruwa. Naɗewa da tsakar rana ba abin tsoro ba ce idan ganye ya warware da yamma. Amma idan gari ya waye yana naɗe, shuka tana cikin ƙishirwa mai tsanani, mai lambu ya hanzarta ban ruwa.

Ƙuduji: irin da ke jiran alama

Ƙuduji, wanda ake kira wuta-wuta, ba ya iya rayuwa sai a jikin saiwar hatsi ko dawa ko masara, akwai kuma irin da ke kama wake. Irinsa kamar ƙura yake, gindi ɗaya yana zubar da dubbai, kuma yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Da ya ji, sai ya fito da ƴar saiwa ta manne, ta fara tsotso tun kafin manomi ya ga komi a sama. Idan bai sami abin kamawa cikin ƴan kwanaki ba, mutuwa yake yi.

Nan ne rauninsa yake. Wasu shuke-shuke, kamar auduga da gyaɗa da waken suya, suna tayar da irin ƙudujin hatsi, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu. Juya shuka da su yana rage irin da ke cikin ƙasa a hankali. Taki ma yana taimakawa, domin shukar da ke jin yunwa ta fi fitar da sinadarin. Cibiyoyin bincike irin su INRAN da ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun daɗe suna aiki a kan iri mai jure masa. Abin da ke hannun kowa kuwa shi ne a tuge shi kafin ya zubar da iri, a tara a ƙone.

Yadda iri ke tafiya

Iri yana hawa abin hawan da bai biya ba. Na tumfafiya yana da gashi, iska ke ɗaukarsa. Ƙarangiya tana maƙalewa a gashin tumaki da bakin zane. Tsuntsu yana cin ƴaƴan kauci, ya goge irin mai danƙo a reshen wani icce. Kwanson riɗi yana tsagewa idan ya bushe, shi ya sa ake yanke shi tun bai gama bushewa ba, a jingine shi a wuri mai tsabta. Ciyawar ruwa mai shuɗin fure da ke toshe kogin Isa tana hana masunta aiki, asalinta daga Kudancin Amurka take, ruwa ke yawo da ita, kuma tana iya ninka yawanta cikin mako biyu.

Bisashe suna cin ƴaƴan gawo, irin ya fito cikin kashi ya tsira inda suka kwana. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damana, ba ya hana hatsi haske, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato barin ƴan itatuwan da suka tsira da kansu a gona tare da yi musu gyara. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo.

Abubuwan da ya kamata a riƙe

1. A ciyar da dabbar noma kafin damana, domin tsoka ba ta aiki sai da abinci.
2. A kai yara rigakafin shan inna duk lokacin da aka kira.
3. Mai feshi ya rufe jiki da hanci, kada a zuba ruwa ko abinci cikin tsohon galan na magani.
4. A ba da labarin tarin fara tun ba ta yi fiffike ba.
5. A bar burtali da hanyar dorina a buɗe.
6. A gama noman gyaɗa da hauya kafin tsinkayenta su shiga ƙasa.
7. A tuge ƙuduji kafin ya zubar da iri.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa tsokoki suke aiki bibbiyu?
2. Wane abu ne ke mai da fara mai kaɗaici ta zama runduna?
3. Waɗanne tsuntsaye ko tsirrai ne tsofaffin garinku ke dubawa domin sanin kusantowar damana? Ku rubuta sunayensu.
4. Ku shuka wake cikin gwangwani biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ɗaki kusa da taga. Bayan mako guda ku rubuta abin da kuka gani, ku kawo aji.